Shekarar da Awaki Suka Cinye Kwalejinmu

Azumin bana ya faɗo cikin bazara. Tun hantsi zafi ke sauka, kafin azahar ko kaza ba ta yawo, sai ta tona ƙasa gindin randa ta kwanta baki buɗe. Jiya jikata Zainabu ta dawo daga lakwal, wato makarantarsu ta lise, babbar sakandare, ta yar da jakarta bakin ƙofa, ta miƙe bisa tabarmata kamar wadda aka yi wa duka.

"Kaka, yau kam mun sha wuya," in ji ta. "Famfon lakwal bai kawo ruwa ba tun safe. Ajinmu kuwa kamar tanda, sai da mushe, malaminmu, ya kwashe mu ya kai mu tsoffin ɗakunan nan biyu na ƙasa da ke ƙurya. Su kaɗai ke da sanyi."

Na yi dariya. Amma har aka sha ruwa hankalina yana can baya, wajen wani azumi da ya faɗo cikin irin wannan zafi, shekara talatin da wani abu ke nan, tun uwar Zainabu tana ƙarama kamar ta.

Wanda ya zo garinmu yau zai ga katanga da ƙofar ƙarfe, da jerin azuzuwa na siminti, da ɗakin malamai, da yara masu zuwa daga ƙauyuka kan kekuna. Sai ya zaci haka abin ya sauko daga sama. A da, yaron da ya gama ƙaramar lakwal a nan Damargu ya ci jarrabawa, sai a tura shi Tanut ko Damagaram. Mai ɗan'uwa can ya tafi, marar shi ya koma gona. 'Ya'ya mata kuwa ba a ma zancensu. Da gwamnati ta ce ta ba mu kwaleji, abin da ta aiko shi ne malamai biyu da allo da alli. Ɗaki kuwa, aka ce mu ji da shi. Sai muka yi abin da muka iya. Bayan girbi kowane gida ya kawo damin kara, maza suka kafa itace, aka yi rumfa a filin da ke gabas da gari. Da damina ta zo iska ta kwantar da ita, aka sallami yara. Da kaka ta zagayo aka tada ta, aka ƙara wata kusa da ita don sababbin shiga.

'Yata Ladi, uwar Zainabu, tana cikin waɗanda aka buɗe kwalejin da su. Yarinya ce marar surutu, amma in ta riƙe abu ba ta saki. Tana shekara ta uku aka yi fari.

Ruwa ya sauka a farkon damina, muka yi shuka, gero ya fito har ya kai gwiwa. Daga nan sama ta washe. Kullum sai hadari ya haɗu gabas, mu fito muna kallo, iska ta zo ta watse shi. Geron ya naɗe ganye, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Abin da na kwaso daga gonarmu ban ko buɗe rumbu saboda shi ba, cikin ɗaki na jera shi. Na ware iri na zuba a tukunya da toka, na liƙe bakinta da laka, na tura ƙarƙashin gado, na yi wa kaina alkawarin ko me za a yi ba zan fasa ta ba sai ranar shuka. Maigidana, Malam Sani, ya ɗauki babban ɗanmu suka nufi kudu cin rani tun kafin sanyi ya shigo. Haka mazan gari suka watse, wasu Kano, wasu Agadas, aka bar tsofaffi da mata da yara.

Shekarar ba a samu kara ba, balle a kai lakwal. Ɗan abin da ya rage a gonaki, dabbobi sun lashe shi. Daga dangunan gidajenmu muka zare, kowa ya rage suturar gidansa, aka samu aka rufa rumfa uku. Ni kam ɓangaren bayan ɗakina na cire, har mai wucewa yana hango murhuna.

Da bazara ta kama, daji ya zama fili, ko tsinke babu. Awaki suka fara cin tsumma da takarda da ɓawon itace. Ba su daɗe ba suka gano inda kara ya rage a garin. Wata rana Ladi ta dawo gida tana dariya har da hawaye, abin da ba ta saba ba.

"Inna, mushe na cikin rubutu a allo, sai ga kan akuya ya ɓullo ta bango. Ya kore ta nan, wata ta ɓullo can."

Abin dariyar bai jima ba. Jakuna suka shigo cikin sha'anin. Yara su kora da rana, da an tashi dabbobi su koma. Kafin watan azumi ya tsaya, rumfunan sun zama itace tsirara, yara na bin inuwar aduwa ɗaya da ke filin, tana juyawa suna juyawa da allonsu.

Shugaban kwalejin, Mushe Isufu, mutumin Damagaram ne, siriri, mai yawan tari. Ya sa aka yi shela aka tara mu ƙofar mai gari. Da ya duba taron, mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba.

"Iyayena, na dawo daga Tanut," in ji shi. "Aji na huɗu shi ne na jarrabawa, kuma manya sun ce ba za a buɗe shi cikin rumfa ba. In mun tada ɗaki biyu na ƙasa kafin a koma karatu da kaka, su za su kawo kwano da ƙofofi da bencina. In ba mu tada ba, za a rarraba yaran zuwa Tanut da Damagaram. In kuwa aka ɗauke aji ɗaya, ban san ranar da za a bar sauran ba."

Kowa ya san ma'anar zancen. A wannan shekara, wa zai karɓi ɗan wani ya ciyar? Ni ba ni da kowa a Damagaram. In an ɗauke ajin, Ladi ta gama ke nan.

Wani tsoho ya ce a jira damina, tabki ya cika, a samu ruwan kwaɓa ƙasa. Baba Ari magini, wani dattijo Babarbare mai gajeren gemu, ya girgiza kai.

"Tubalin damina ba ya bushewa. Kuma da ruwa ya sauka kowa gona zai nufa, daga gona sai girbi, daga girbi an buɗe lakwal. In za a yi, yanzu ne, rana na gasa shi."

Maƙwabciyata Hadiza, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta gyara mayafi ta ce, "Baba, da wane ruwan? Na sha ma sai an yi faɗa. Ga azumi gobe ko jibi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Gaskiya ta faɗa. Ni ban taɓa magana a taro ba, amma sai na ji bakina ya buɗe.

"Kowane gida in ya ɗebo ruwa, ya ba da tulu ɗaya. Ni zan ba da nawa."

"Ke da kike da tulu nawa, Ramatu?" in ji Hadiza.

"Ko nawa ne, ɗaya na lakwal ne."

Ba a tafa mini ba, ba a kuma hana ni ba. Mai gari ya dubi liman, liman ya yi fatiha, aka watse a kan haka.

Rijiyarmu irin ta Damargu ce, in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai duhu. Hannu ba ya janyo wasaki, babban gugan fata, daga cikinta, sai dabba. A lokacin shanu da jakunan gari sun rame, ba mai iya ja sai raƙumin Agali, wani Buzu da ya yada zango bayan gari da abin da ya rage masa na awaki. Ɗansa ma yana ajin su Ladi. Agali ne zai ɗaura igiya jikin raƙumin, ya kora shi can nesa, wasaki ya fito, a juye, ya juyo da shi. Makiyaya na jira da dabbobinsu, mu muna jira da tuluna.

Ga yadda kwanakin suka riƙa tafiya. Da sahur sai kunun dusa da ɗan garin rogo in Malam ya aiko, in babu sai anza. Ga wanda bai san ta ba, 'ya'yan wani itace ne na daji, masu ɗacin da ko akuya ba ta so. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, kafin su ciwu. Da an yi sallar asuba mu kama hanyar rijiya, ƙasa na da sauran sanyi a tafin ƙafa. Tulun farko na gida, na biyu mu wuce da shi tabki, inda aka farfasa busasshiyar laka da galma aka tara. Mu juye, ƙasar ta shanye shi kamar ba a zuba kome ba. Har ruwan jiƙon anza, da na wanke-wanke, da na alwala, ba mai zubarwa. Tarawa muke mu kai wa laka. Ciyawar da ake haɗawa don kada tubali ya tsage ma babu, sai yara suka bi gari suna tsintar busasshen kashin jaki, ana marmasawa ciki.

Tsofaffi maza su tattake, Baba Ari ya cika akwatin katako ya kife, ya ɗaga, tubali ya zauna. Mushe Isufu da kansa yake naɗe wando ya shiga laka kafin ya tafi koyarwa, yana tari yana tattakawa. Da rana ta ɗaga sai a tashi, don ba mai iya tsayawa. Iskar da ke busowa daga arewa a wannan lokaci kamar daga bakin maƙera take fitowa. Leɓe ya tsage, harshe ya manne, in ka rufe ido sai ka ga randa. Mukan kwanta cikin ɗaki bisa ƙasa tsirara, ba mai magana. Da la'asar mu koma mu juya tubalan su sha rana ta ɗaya gefen. Sa'an nan a dawo a hura wuta. In ladan ya kira magariba, kurɓin farko sai ka ji shi yana bi har yatsun ƙafa.

Tsakiyar azumi rigima ta tashi a rijiya. Wani makiyayi da saniyarsa ta faɗi ta kasa tashi ya tare mu, idonsa jawur.

"Ku ji tsoron Allah! Mai rai na mutuwa, kuna shayar da ƙasa?"

Mu ma mun ga saniyar kwance da idonmu. Agali ne ya shiga tsakani da Hausarsa mai karkata. Ya ce dabbobi su fara sha, in sun gama shi zai ƙara wa raƙuminsa tafiya saboda lakwal. Haka aka yi, sai dai hakan ya tura ɗiban namu cikin rana. A makon nan ne akuyar Hadiza ta mutu, wadda ƙaramin ɗanta ke shan nononta. Ta zo har ɗakina ta tsaya bakin ƙofa.

"Ramatu, ni na fita. Tuluna na 'ya'yana ne. Kada ki ƙara aiko mini."

"Ban ga laifinki ba," na ce. Har ga Allah ban gani ba. Gidaje da dama suka bi bayanta.

Ana cikin goman ƙarshe raƙumin Agali ya durƙusa tsakiyar tafiya, wasaki na rataye cikin rijiya. Aka yi kira, aka yi duka, bai tashi ba. Agali ya tsuguna kusa da kansa ya daɗe yana yi masa magana cikin harshensu, sa'an nan ya nemi wuƙa kada ya mutu mushe. Daren ranar kowane gida ya ci nama, abin da muka manta ɗanɗanonsa, amma ba wanda ya yi murna.

Washegari muka tarar da igiya yashe a ƙasa. Makiyaya suka haɗa jakuna biyu suka ja na dabbobi da na sha, suka ce jakunan ba za su ƙara ko taku ɗaya ba. Baba Ari ya ce tubalin da ke ƙasa zai yi ɗaki ɗaya da rabi. Muka tsaya muna kallon juna. Ladi ce ta fara sunkuyawa ta ɗauki igiyar ta ɗora a kafaɗa. Na kama bayanta. Matar Agali ta kama bayana. Wasu mata suka zo, da yaran kwalejin. Muka bi sawun raƙumin, hanyar da ƙafarsa ta riga ta fafe cikin rairayi, muna ja muna nishi, har aka yi mana ihu daga bakin rijiya cewa wasaki ya fito.

Igiyar nan ta ci kafaɗata har ta yi kanta. Rana ɗaya ina cikin ja sai duniya ta juya mini, na farka na gan ni kwance gindin bango, ana yi mini fifita. Liman ya zo ya tsaya kaina.

"'Yata, Allah bai ce ki kashe kanki ba. Sha ruwa, ki rama bayan salla."

Na sha. Da la'asar na koma na juya tubali.

Sallar shekarar ba ɗinki, ba tuwo mai miya, amma ranar da muka sauko daga idi tubalan sun cika, an jera su bisa juna kamar ƙaramin gari. Baba Ari ya ja igiya ya fitar da tushe. Ginin ya fi buga tubali sauƙin ruwa, ga shi azumi ya wuce, ƙarfi ya ɗan dawo. Bango ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya wuce kan taga. Mushe Isufu ya aika Tanut a gaya musu su kawo kwano. Aka ce yana hanya. Aka sake aikawa, aka ce yana hanya.

Sai ga abin da muka shekara muna roƙo ya zo tun kafin lokacinsa. Wata la'asar iska ta tsaya cik, tururuwa suka fito da ƙwai a baki. Gabas ta yi ja, sa'an nan ta yi baƙi. Na tsaya tsakar gida da ƙwarya a hannu, zuciyata ta rabu biyu. Ina son ruwan nan kamar raina, ina kuma tuna bangaye a tsaye ba rufi. Na shiga ɗaki na yaye tabarmar gadona, na haɗa da buzun salla na Malam, na fita da gudu. A hanya na tarar ba ni kaɗai ba ce. Kowa da abin da ya samu, tabarmi, buhuna, tsofaffin fatu. Agali da matarsa suka kwance rufin bukkarsu suka jawo shi. Samari suka hau bango suna shimfiɗawa, muna miƙa musu tubali suna dannewa, rairayi na dukan fuskokinmu. Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya, mai nauyi, mai sanyi. Ƙanshin ƙasa ya tashi. Wallahi ina kuka ina dariya, ban san na wane ne ba.

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke muka je dubawa. Ɗaki na farko ya tsira. Na biyun kuwa, bangon gabas, inda ruwan ya fi duka, ya zube har ƙasa, tubalan da muka ja wa ruwa da kafaɗa sun koma laka.

Baba Ari ya zagaya ya taɓa sauran bangayen. "In ba a tada wannan an ɗaure su ba kafin wani ruwan, duka ukun za su bi shi. Akwai ragowar tubali da aka rufe. Hannu nake so."

Hannu kuwa shi ne babu. A Damargu ruwan farko ba ya jiran kowa. Rairayi ne, yau da danshi, jibi ya tsere. Duk mai iri gobe da asuba yana gona, kuma ba mai cewa ya yi laifi bayan irin yunwar da aka sha. Ni ma na jawo tukunyata daga ƙarƙashin gado na fasa bakinta. Geron na nan lafiya, na zuba hannu ciki na daɗe ban fitar ba.

Mushe Isufu ya ce zai rufe karatu, yaran kwaleji su yi gayya su shuke gonakin duk wanda ya tsaya gini, ɗaya bayan ɗaya. Mutum kaɗan suka yarda. Na miƙa wa Ladi irin, na tafi wajen Baba Ari. Da aka tsara yadda za a bi gonakin, aka fara da na tsofaffi da na kusa. Tamu tana can nesa bisa tudu, sai ta zo ƙarshe.

Muka yi ta miƙa tubali, ruwa kam yanzu ga shi a tabki har ana wanka. Ina aiki ina duban rana, ina jin yadda take tsotse gonata. Ran da bangon ya koma tsayinsa na ruga tudu ban ko wanke hannu ba. Na tarar yaran sun iso, amma na ga an riga an shuke fadamar gonar tun tuni, har sawun ya bushe. Can gefe Hadiza ce zaune, sungumi a gabanta, ɗanta a baya.

"Na gama tawa na ga taki a zaune," in ji ta, ba ta ko dube ni ba. "Na karɓi iri wajen Ladi. Inda na iya ke nan. Tudun kam ya bushe, sai dai a gwada."

Na zauna kusa da ita.

Aka shuka tudun, bai fito ba. Rabin irina ya tafi a banza. Ana haka Malam ya dawo, don labarin ruwa ya kai musu. Ya ajiye kaya ya wuce gona, ya dawo fuska a ɗaure.

"Ramatu, na bar ki da gona, kin bar ta kin tafi ginin gwamnati?"

"Ba na gwamnati ba ne, Malam. Gwamnati ba ta da 'ya a ciki."

"To bana sai mu ci bango."

Ya samo iri wajen ɗan'uwansa a Gangara ya sake shuka tudun a makare. Daminar ta yi kyau, maƙwabta suka cika rumbuna, mu muka samu abin da ya kai mu tsakiyar rani da ƙyar. Kwanon ya iso cikin wata babbar mota bayan an yi ruwa na uku, muna ta rufe bango da tabarmi muna yayewa kafin nan. Aka buga shi, aka sa ƙofofi masu shuɗin fenti. Da kaka aji na huɗu ya buɗe a garinmu.

Da an tambaye ni, da na so in ce Ladi ta ci jarrabawa a shekarar. Ba ta ci ba. Yaran sun yi asarar karatu mai yawa gindin aduwa da bakin rijiya, kaɗan ne suka haye, cikinsu har da ɗan Agali. Ta dawo ta shige ɗaki ta juya fuska bango, ta ƙi cin abinci. Malam ya ce, "To, an gwada. Ta zauna ta taya ki aiki."

Na bari sai da ya ci tuwo ya wanke hannu.

"Malam, da Damagaram aka kai ta ta faɗi, da shi ke nan, ba mai riƙe ta shekara biyu. Amma ɗakin ga shi nan bayan gari. Ba kuɗin mota, ba roƙon masauki. A gidanka za ta kwana, tuwonka za ta ci. Mushe ya ce ana maimaitawa."

Ya daɗe yana sakace. "Ita ta ce tana so?"

Daga cikin ɗaki muka ji muryarta, a dushe. "Ina so, Baba."

Ta maimaita, ta ci. Ta wuce Damagaram da tallafin gwamnati ta koyi aikin ungozoma, yau rabin yaran da ke cika lisen nan a hannunta suka faɗo duniya. Kwalejin ta yi ta ƙaruwa, wani ajin gwamnati ta gina, wani 'yan garin da ke aiki waje suka haɗu suka yi, har aka wayi gari an ce ta zama lise, yaro ya gama karatunsa duka bai bar gaban uwarsa ba. Baba Ari da Mushe Isufu da Agali duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Hadiza na nan, haƙora sun zube, bakin bai mutu ba.

Amma ni abin da ya fi zauna mini shi ne wata safiya, kakar da Ladi ta koma maimaitawa. An gama girbi, tabki na da ruwa, lokacin da maza ke ɗaure kayan cin rani. Na ga Malam ya fito da tsohon wandonsa na gona, ya saɓa galma.

"Ina zuwa, Malam? Ai an gama aikin gona."

Ya tsaya bakin ƙofa yana gyara hula, kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Sauran yaran har yanzu a rumfa suke," in ji shi. "Ina ne Baba Ari ya ce za a sa ɗaki na uku?"

Na ajiye muciya na fito na nuna masa.